Jami'a Tana Wudil, Yaro Yana Gafasa: Yaya Kimiyya Za Ta Haɗa Su?

Gafasa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ajingi, maƙwabciyar Gaya, a gabashin jihar Kano. Wanda ya duba taswira zai ce yaron da aka haifa a nan ya taki sa'a wajen karatun kimiyya. A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata wannan suna a 2022. Ta ɓangaren Jigawa akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. A garin Gaya kuma ga Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule. Duk tafiya ce da mutum zai yi da safe ya dawo ya ci abincin rana a gida.

To amma mai karatu, tambayi kanka: a cikin 'yan aji shida na firamaren ƙauyenku, mutum nawa suka taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje? Nawa suka taɓa zama da wanda sana'arsa ita ce bincike, har suka yi masa tambaya ya amsa musu da Hausa? Jami'a na iya zama kusa da gari a mota, ta yi masa nisa a tunanin yaro. Cike wannan giɓi shi ne aikin da ake kira kai kimiyya ga al'umma. A wannan rubutu za mu duba yadda ake yin sa, abin da bincike ya gano a kansa, da kuma waɗanda aka fi mantawa da su idan an tashi yi.

Me ake nufi da kai kimiyya ga al'umma?

A taƙaice, shi ne malaman jami'a da ɗalibansu su fito daga harabar makaranta su sadu da yara da sauran jama'a, ko kuma su buɗe musu ƙofa su shigo su gani. Abin ba sabo ba ne. Tun 1825 aka fara laccocin ƙarshen shekara don matasa a wata cibiyar kimiyya da ke Landan, waɗanda Michael Faraday ya assasa, kuma har yau ana yin su. Ɗaya daga cikin laccocinsa da suka fi shahara a kan kyandir ya yi ta: me ya sa yake ci, me yake ƙonewa, ina hayaƙin yake tafiya. A 2002 Jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus ta ɓullo da abin da ta kira jami'ar yara, inda farfesoshi ke tsayawa gaban 'yan firamare suna amsa tambayoyi irin nasu. Daga nan abin ya bazu zuwa ƙasashen Turai da dama.

A nan Arewa ma akwai masu yi. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe mai binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya daɗe yana shirya bukukuwan kimiyya da bita ga malamai da ɗalibai a Najeriya, kuma ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horo a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

Kano ta taɓa yin babban yunƙuri

A tsakiyar shekarun 1970, jihar Kano ta waiwaya ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Maganin da ta samo shi ne makarantun sakandare na musamman don kimiyya. A 1977 aka buɗe na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, duka na maza. Ta 'yan mata ta biyo baya a Taura a 1981, garin da yanzu yake cikin Jigawa. Daga baya aka ƙara wasu, ciki har da ta Gaya da ta 'yan mata a Garko. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a kan shekaru goman farko na wannan shiri.

Babu mai musun cewa shirin ya yi tasiri. Shiga kowane babban asibiti ko sashen injiniya a Kano da Jigawa, da wuya ka fito ba ka gamu da tsohon ɗalibin Dawakin ba. Sai dai akwai abin lura a yadda tsarin yake. Da jarrabawa ake shiga, wato rariya ce da take tace waɗanda suka riga suka yi fice. Yaron da firamarensa ba ta da malamin lissafi, ko yarinyar da aka cire daga makaranta kafin ta gama ƙaramar sakandare, ba su ma iso bakin rariyar ba balle a tace su. Haka abin yake a ƙofar jami'a: kafin a zo maganar makin JAMB, sai ɗalibi ya ci lissafi da Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji a jarrabawar gama sakandare. Wanda bai zaɓi ajin kimiyya ba tun yana shekara 14 ko 15, ƙofar ta riga ta rufe masa. Shi ya sa aikin da jami'a za ta yi ya kamata ya fara tun kafin wannan mataki.

Me bincike ya gano?

A 2009 wasu masu bincike a King's College da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Louise Archer, suka fara bibiyar dubban yara daga shekara 10 zuwa 14. Sun gano cewa mafi yawan yaran suna jin daɗin darasin kimiyya, suna kuma ganin yana da amfani. Amma da aka tambaye su ko suna son zama masana kimiyya, kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai suka ce e, kuma adadin bai wani motsa ba har suka kai 14. Ashe son darasi daban, ganin kai a cikin sana'ar daban.

Abin da ya fi bambanta yaran shi ne abin da masu binciken suka kira jarin kimiyya. Wato me yaro ya sani game da kimiyya, wa ya sani da ke aiki da ita, ana hirarta a gidansu, ya san irin ayyukan da ake samu da ita? 'Yar likita a unguwar Nasarawa ta Kano tana tara wannan jari ba tare da ta sani ba, a kan tabarmar cin abinci. Ɗan manomi a Gafasa ma yana da nasa sanin, na ƙasa da iri da damina da dabbobi, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan ma ƙofar kimiyya ce.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da kowane malamin firamare zai iya yi gobe. A ba yara takarda da fensir a ce su zana masanin kimiyya. David Chambers ya wallafa sakamakon irin wannan gwaji a 1983: cikin zane kusan 5,000, guda 28 ne kawai suka nuna mace, kuma duk 'yan mata ne suka zana su. A 2018 aka tattara bincike 78 da aka yi a Amurka a kan yara sama da 20,000. An ga ci gaba, domin a binciken baya-bayan nan kusan kashi 28 cikin ɗari na zanen mata ne. Amma ga abin da ya fi jan hankali: 'yan mata masu shekara 6 mace suke zanawa a kusan kashi 70 na zanensu, zuwa shekara 16 sai ya sauko kusan kashi 25. Wato ba da wannan tunani aka haife su ba, koyonsa suka yi daga abin da suke gani.

Waɗannan alƙaluma na Ingila da Amurka ne, ba za mu ɗora su kai tsaye a kan Ajingi ba. Darasin ne ya shafe mu: yaro yana yanke wa kansa hukuncin "wannan ba irin namu ba ne" tun da wuri, kuma abin da idonsa ya gani ne yake sa shi yankewa.

Su wa ake bari a baya, kuma me ya dame mu?

Idan jami'a ta ce za ta ziyarci makarantu, mafi sauƙi shi ne ta nufi waɗanda ke bakin kwalta, masu shugaban da ya iya rubuta takardar gayyata, masu ɗaliban da ke jin Turanci. Sai a ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Waɗanda ake tsallakewa su ne 'yan mata, yaran ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, almajiran tsangaya, 'ya'yan Fulani makiyaya, da yara masu lalurar gani ko ji ko tafiya.

Wani zai ce, to dole ne kowa ya zama masanin kimiyya? Ba dole ba ne. Amma ga dalilai da suka sa rashin waɗannan yara asara ce ga kowa.

Na farko, lafiya. Kowa ya san mata da yawa a ƙauyukanmu sun fi sakin jiki idan mace ce za ta duba su, musamman wajen awo da haihuwa, wasu mazan ma ba sa yarda sai haka. Unguwarzoma ko likitar da za ta zauna a asibitin Ajingi nan da shekara 15, yau tana aji huɗu ko biyar a wata firamare. Wadda ta taso a yankin ita ta fi yiwuwar yarda ta zauna a cikinsa.

Na biyu, tambayar da mai bincike ke yi daga rayuwarsa take fitowa. Wanda ya taɓa ganin wuta-wuta ta cinye gonar dawar mahaifinsa ba sai an roƙe shi ya yi bincike a kanta ba.

Na uku, yarda. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin an gurɓata maganin, ba a koma ba sai a watan Yulin 2004. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai da aka sa sarakuna da malamai da matan unguwa a gaba kafin yarda ta dawo, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Garin da yake da ɗansa ko 'yarsa da ta san yadda rigakafi ke aiki, yana da wanda zai tambaya idan jita-jita ta taso.

Misalai biyu da suka yi aiki a ƙasar Hausa

Na farko shi ne buhun adana wake mai rufi uku, wanda aka fi sani da PICS. Masana ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka samar da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da masu binciken aikin gona na Maraɗi. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace dabam. Ƙwarin da ke cikin waken suna shaƙe iskar oksijin da ta rage, idan ta yi ƙasa sai su daina ci da hayayyafa, daga baya su bushe su mutu. Ba a zuba ko ɗigon magani.

Yadda aka yaɗa shi daga 2007 shi ne abin koyi. Malamin gona zai je ƙauye bayan girbi, wasu manoma su kawo wakensu, a zuba a ɗaure a gaban kowa. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake tara gari a kwance buhun a idon jama'a, kowa ya sa hannu ya damƙi waken ya duba. An yi haka a dubban ƙauyuka a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. Ka lura, wannan gwajin kimiyya ne sosai: an yi hasashe, an jira, an duba sakamako, kuma manomin ne alƙali.

Na biyu daga Dutse ya fito, nan kusa da Ajingi. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa, kuma ya taso a gidan masu ginin tukwane. Ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. A gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Don ya isar da saƙon, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a bidiyo, ana haska shi da dare a ƙauyuka. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abin da ya haɗa misalan biyu a fili yake. Matsalar ta mutanen ce, an yi magana da harshensu, sun gani da idonsu, kuma an koma wurinsu fiye da sau ɗaya.

Maganar harshe

Sau da yawa mu masu bincike mukan je makaranta mu yi minti arba'in muna zuba Turanci, yara su tafa, mu tafi muna jin mun yi aiki. Tambayi ɗaya daga cikinsu washegari me ya fahimta. Tsakanin 1970 da 1978 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. Ba cewa muke a yar da Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawa. Amma ranar da kake son yaro ya ɗaga hannu ya ce "Malam, me ya sa?", yi masa magana da harshen da yake tunani da shi.

To me za a iya yi a Gafasa?

Ba sai an jira miliyoyi ba. Ga abubuwan da sashe ɗaya na jami'a, ko ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi, za su iya farawa da su.

A zaɓi makarantu kaɗan a riƙe su. Zuwa makaranta biyu sau ɗaya kowane zango har shekara uku ya fi zagaya makarantu ashirin sau ɗaya a ɗauki hoto. A fara daga 'yan aji huɗu na firamare zuwa ƙaramar sakandare.

A fara gaida mutane. Kafin ranar, a je wurin dagaci da limami da shugaban makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a faɗi abin da za a yi dalla-dalla. Idan za a ɗebi ruwa ko a taɓa jikin yaro, ko da awon bugun zuciya ne, sai da sanin iyaye.

A sa yara su taɓa da hannunsu. Akwai madubin ƙara girma na takarda mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford. Kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana kuma ƙara girman abu sau 140. Da shi yaro zai ga ƙwayoyin fatar albasa, ya ga halittun da ke yawo a ɗigon ruwan kududdufin bayan gari. Wanda ya ga haka da idonsa, ba sai an yi masa doguwar lacca kan tafasa ruwan sha ba. Idan babu madubin, tukwane biyu da yashi da ma'aunin zafi sun isa darasin fiziks na yini guda. Ruwan zoɓo ma awo ne: ɗiga masa lemon tsami ka ga jansa ya ƙara haske, ɗiga masa ruwan kanwa ka ga ya rikiɗe ya yi duhu, daga nan ka shiga bayanin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu.

A tafi da mata a cikin tawagar, kuma su yi jagoranci. Ɗalibar kemistiri mai hijabi, mai Hausa irin ta garin, da za ta tsaya ta ce "ni ma a firamaren gwamnati na yi", ta fi kowace lacca kan ilimin 'ya'ya mata tasiri. A ware zama na musamman da iyaye mata, domin yawanci su ne suka san dalilin da ya sa yarinya take fashin makaranta ranar kasuwa. Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don mata da 'yan mata a kimiyya, dama ce ta shirya irin wannan.

Kada a tsaya a makarantar boko kaɗai. Da izinin alaramma, ana iya kai gwajin tsangaya ranar Alhamis da ba a karatu. Almajirin da ya riƙe izu ashirin a ka ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba.

A bar wani abu a baya. Malamin makarantar shi zai kwana da yaran bayan motar jami'a ta tafi, saboda haka a koya masa gwaje-gwajen, a bar masa kayan, a riƙe lambarsa. A kuma bayyana wa ɗalibai da iyaye hanya filla-filla: yaushe ake jarrabawar shiga kwalejojin kimiyya irin ta Gaya da Garko, waɗanne darussa ake buƙata don aikin jinya ko injiniya ko aikin gona. Yara da yawa rashin wannan bayani ne kawai yake kayar da su.

A ƙarshe, a auna. Mu da muke cewa komai sai da hujja, bai kamata mu ƙirga nasara da yawan kujerun da aka cika ba. A sa yara su zana masanin kimiyya kafin a fara, a sake bayan shekara. A rubuta yawan waɗanda suka zauna jarrabawar kwalejin kimiyya, maza nawa mata nawa. Idan ba abin da ya sauya, a faɗa, a gyara.

Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin Dala saboda tama. Mutanen da suka iya gane dutsen da ƙarfe yake ciki, suka san irin gawayi da yawan iskar zugar da za su narkar da shi, masu gwaji ne da lura tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. Wannan labari ma ya isa buɗe darasi a kowace firamare ta Gaya da Ajingi. Idan kai malami ne ko ɗalibi a Wudil ko Dutse ko Bayero, kuma daga wannan yanki ka fito, fara da firamaren da ta yaye ka. Je ka gaida shugabanta a wannan zangon, ka tambaye shi ranar da zai ba ka awa ɗaya da 'yan aji biyar.